Guntuwar Waya a Cikin Harawa: Don Me Sai a Hannun Mahauci Muke Gane Ta?

A ƙarshen kakar bara wani dattijo manomi daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Madobi ya aiko mini da ɗan ƙullin takarda ta hannun jikansa, wanda ɗalibina ne. Da na kwance sai na tarar da guntuwar waya, baƙa, siririya, tsawonta bai fi na ɗan yatsa ba. Saƙon da ya biyo ta ɗan gajere ne: "Ka ce wa Malam ga abin da ya raba ni da bijimina."

Bijimin nan ɗaya ne daga cikin shanun huɗarsa guda biyu. Ya yi wajen wata guda yana jinya. An yi masa allura har kala uku, an ɗura masa maganin hanta, an jiƙa masa sassaƙe, duk a banza. Da aka ga ƙirjinsa ya kumbura, numfashi yana nema ya gagare shi, sai aka kira mahauci. Mahaucin ne ya tarar da jakar da ke lulluɓe da zuciya cike da ruwa mai wari da mugunya, ga kuma wayar nan a soke. Naman ma bai yi kuɗin kirki ba, domin dabbar ta riga ta rame.

Da na je yi masa jaje, na tambaye shi, "Baba, ranar da ya fara ƙin abinci, yaya kuka ga tsayuwarsa?" Ya ce, "Ai Malam, doro ya yi, ya ware ƙafafun gaba, ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi. In ya zo kwanciya sai ka ji yana nishi." Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin abin da ya faɗa shi ne kusan kalma da kalma abin da littattafan likitancin dabbobi suka zayyana. Wato dattijon ya ga cutar da idonsa tun ranar farko. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa ma'anar abin da ya gani.

Ni malamin ilimin halittu ne, ba likitan dabbobi ba, kuma ba nufina ba ne in mai da kowa likita. Ra'ayina dai shi ne, wannan cuta tana da 'yan kwanaki kaɗan a farkonta da za a iya gane ta da ido da hannu da kunne da ma'aunin zafi, kuma a cikin kwanakin nan ne kaɗai maganinta yake da araha. Muna barin kwanakin su wuce ne saboda mun saba da gabatar da allura kafin bincike. Ilimin da zai gyara haka bai fi ƙarfin ɗalibin babbar sakandare ba.

Yadda waya ke tafiya daga baki zuwa zuciya

Sanin kowa ne akuya da tunkiya masu tsince-tsince ne. Da leɓɓansu suke zaɓen abin da za su ci, shi ya sa da wuya a tarar da ƙusa a cikinsu. Saniya kuwa da harshe take naɗo ciyawa ta jefa baki, ta ɗan tattauna sama-sama ta haɗiye, sai daga baya in ta kwanta ta dawo da ita ta yi tuƙa. Bugu da ƙari, harshenta da cikin kumatunta suna da 'yan ƙayoyi masu fuskantar maƙogwaro, ta yadda abin da ya shiga yana da wuyar tofarwa. Saboda haka in ƙusa ko basilla ko guntuwar waya ta ɓuya cikin dusa ko harawa, sai ta wuce ba tare da saniyar ta ankara ba.

Cikin saniya jaka huɗu ne. Akwai tumbi, wanda shi ne babba, ya cika ɓangaren hagu. A gabansa akwai wata ƙaramar jaka wadda cikinta ya yi kama da saƙar zuma. Duk wanda ya taɓa cin farfesun kayan ciki ya san ta. Masana suna kiranta ritikulum. Sai jaka ta uku mai shafi-shafi kamar littafi, sannan ta huɗu wadda ita ce ta yi kama da cikin ɗan Adam. Wadda ta dame mu a nan ita ce mai saƙar zuma. Tana ƙasa-ƙasa, daidai inda maƙogwaro ke zubo abinci, don haka duk abu mai nauyi nan yake faɗawa ya zauna. Tsakuwa ko ƙwallon ƙarfe marar kaifi suna iya shekaru a wurin ba su yi wata illa ba.

Matsalar ita ce wannan jaka ba ta zama shiru. Kusan sau ɗaya a kowane minti takan matse kanta da ƙarfi, matsa biyu a jere, don ta tura abinci gaba. In akwai abu mai tsini da ya maƙale a cikin ramukan saƙar, kowace matsa ƙara cusa shi take yi a jikin bangon jakar, har wata rana ya huda. Da zarar ya huda sai bakteriya da ke cikin tumbi su bi hudar su shiga kogon ciki, tantanin da ya shimfiɗe cikin ya kumbura, zazzaɓi da zafi su taso. Wannan shi ne mataki na farko.

To, ina ruwan zuciya? A nan ne tsarin halitta ya zo da abin mamaki. Jakar nan mai saƙar zuma tana jingine ne da faffaɗar tsokar da ta raba ciki da ƙirji, daidai haƙarƙari na 6 zuwa na 8. A ɗaya gefen tsokar kuwa, 'yan santimita kaɗan, zuciya ce a cikin jakarta. Mai karatu ya kwatanta ɗakuna biyu da zana ɗaya ta raba. Wayar da ta kai tsawon ɗan yatsa, in ta fuskanci gaba, tana iya huda zanar ta kai ga jakar zuciya, ta kuma kai mata ƙazantar tumbi. Abin da ke ƙara tura ta shi ne matsi daga baya: tsohon ciki, naƙuda, ko yunƙurin jan garma da amalanke. Shi ya sa cutar ta fi bayyana ga saniya mai gab da haihuwa ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Wani lokaci kuma wayar takan karkata ta nufi hanta ko saifa ko huhu, ta haddasa ƙurji a can.

Me ya haɗa wannan da noman rani?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi manyan magudanai ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam, rayuwar shanun wannan yanki ta sauya, har da ta maƙwabta irin su Madobi. Aikin noman rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, an tsara kashinsa na farko ne a kan kadada wajen 22,000. An yi ta rubuce-rubuce a kan shinkafa da alkama da tumatir da ya samar. Ba a cika maganar abin da ya zuba a gaban saniya ba.

Saniyar da ke kiwo a daji ciyawa take tsinka daga tushe. Saniyar Kura ko Madobi kuwa, musamman ta turka da ta huɗa, mafi yawan abincinta ya bi ta hannun mutum da inji: tattakar shinkafa da aka share daga masussuka, dusa daga injinan casa, karan masara da aka daddatsa, harawa da aka ɗaure aka ɗora a mota. A kowane mataki akwai ƙarfe. Akwai wayar ɗaure kwando da dami, da basillar ɗinkin buhu da ta faɗi aka neme ta aka rasa, da ƙusar akwati, da ɓarɓashin wuƙar inji. In injin datsa kara ya ci karo da doguwar waya, ba ya cire ta, sai dai ya yanka ta gutsi-gutsi, kowane da tsini biyu, daidai tsawon da ya fi haɗari. Ga kuma tsohuwar tayar mota da ake yankawa a yi komin cin dusa da ita. Tayoyin zamani da wayar ƙarfe ake saƙa cikinsu. In roba ta tsufa a rana sai wayoyin su fito su kakkarye cikin abinci. Wayar da dattijon nan ya aiko mini, da na duba ta da gilashin ƙara girma, ban yi shakka ba irin ta taya ce, kuma da na leƙa turkensa na ga komin da ta fito.

Ba laifin noman rani nake gani ba. Shi ne ya sa manomi yake da abincin dabba a watan Maris, lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Amma duk inda kiwo ya koma turke, wannan cuta takan biyo shi. Haka ya faru a Turai da Amurka, inda har manoma suka laƙaba mata sunan cutar kayan ƙarfe.

Kwana uku na farko

Alamun farko sukan zo ne kwatsam. Saniyar da ta ci abinci lafiya jiya, yau ta ƙi. In mai tatsa ce, nono ya ragu ƙwarai a rana ɗaya. Takan tsaya ta yi doro, ta ɗan miƙe wuya, ta ware gwiwoyin gaba daga jikin ƙirji. Ba ta son tafiya, musamman gangara; in akwai tudu a turke sai ka ga ta ɗora ƙafafun gaba a kai, domin hakan yana janye nauyin tumbi daga inda ke mata ciwo. Kashi yakan ragu, ya bushe, a ga ciyawa a ciki ba ta narke sosai ba. Tuƙa takan tsaya. Wajen kwanciya ko tashi ko yin kashi, akan ji wani gajeren nishi.

Daga nan sai awo. Zafin jikin lafiyayyar saniya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyos. A farkon wannan cuta yakan kai 39.5 zuwa 40. A ƙasarmu mai zafi, da sassafe ya kamata a auna, domin saniyar da ta wuni a rana tana iya nuna zafin da ba na cuta ba. Sai a sa dunƙulen hannu a ramin kwiɓin hagu a jira. Lafiyayyen tumbi yakan taso ya ture hannun sau ɗaya ko biyu a minti. In an yi minti biyu ba a ji komai ba, ko motsin ya yi rauni, tumbi ya tsaya.

Akwai kuma gwaje-gwaje uku na gano zafi a ƙasan ƙirji, waɗanda ba sa buƙatar wani kayan aiki. Na farko, a kama fatar gadon baya a matsa da ƙarfi. Lafiyayyar saniya takan gantsare nan take, ta sauke bayanta. Mai ƙarfe a ciki takan ƙi gantsarewa, ko ta yi da nishi, domin gantsarewar tana miƙe wurin da ke ciwo. A nan sai in ɗan yi ƙorafi: littattafan da muke karantarwa da su an rubuta su ne a kan shanun Turawa marasa tozo. Ga Bunaji ko Bokoloji ko Rahaji, sai an koma bayan tozo kafin a samu fatar kamawa, kuma saniyar da ba ta saba da hannu ba tana iya zabura don tsoro kurum. Sai a yi a natse, a maimaita. Na biyu, mutum biyu su sa taɓarya a ƙarƙashin dabbar, daf da bayan ƙafafun gaba inda ƙashin ƙirji ya ƙare, su ɗaga a hankali, su ɗan riƙe, sannan su saki gaba ɗaya. Na uku, a bubbuga wannan wuri da dunƙulen hannu. A duka ukun abin da ake nema shi ne nishin nan, kuma sau da yawa yana da sanyi ƙwarai, sai mutum na uku ya kara kunne ko abin sauraren ƙirji a maƙogwaron dabbar kafin a ji shi.

Dole in faɗi iyakar waɗannan gwaje-gwaje, don kada a ɗauke su fiye da matsayinsu. Farfesa Ueli Braun da abokan aikinsa a Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan sun wallafa bincike a 2018 a kan shanu 503 da aka tabbatar suna da wannan cuta. A kashi 58 cikin ɗari ne aka samu aƙalla ɗaya daga gwaje-gwajen uku ya nuna zafi. A sauran kashi 42 duka ukun ba su nuna komai ba. Zazzaɓi ma kashi 43 ne kawai suka zo da shi. Wani zai ce, to ina amfanin gwajin da ke kuskure wajen huɗu cikin goma? Amsata ita ce, a duba waɗanne shanu ne ake kaiwa asibitin jami'a. Galibi waɗanda suka kwana biyu suna jinya ne, an gwada magani a gida bai yi ba. Bayan kwana uku ko huɗu jiki yakan kewaye hudar da wani farin abu mai danƙo, zafi ya lafa, zazzaɓi ya sauka, nishin ya ɓace, alhali ƙarfen yana nan. Darasin da na ɗauka daga waɗannan alƙaluma shi ne gwajin na mai sammako ne. Kuma wa ya fi sammako a kan saniya? Ba likita ba ne, mai ita ne, ko yaron da ke zuba mata dusa kafin ya tafi makaranta. Lafawar nan ta kwana na huɗu ita ce babban tarko: an yi allura jiya, yau saniya ta ɗan ci abinci, sai kowa ya ce allura ta yi aiki.

Idan ta kai ga zuciya

Bayan kwanaki ko makonni, in wayar ta ci gaba da tafiya, sai cutar ta sake kama. Jakar zuciya takan cika da ruwa da mugunya, wani lokaci lita da dama, har zuciya ta rasa wurin buɗewa ta karɓi jini. Jinin da ke dawowa daga jiki sai ya taru a baya, kamar ruwan da aka datse a magudana. Manyan jijiyoyin wuya biyu sukan cika su yi tauri kamar igiya. Ruwa yakan taru a ƙarƙashin haɓa da ƙirji, in an danna da yatsa wurin ya lotsa. Bugun zuciya, wanda ga lafiyayya yake 60 zuwa 80 a minti, yakan haura 100. In aka saurara a bayan gwiwar hagu, sai a ji bugun daga nesa kamar ganga a cikin ɗaki, ko a ji ƙarar ruwa yana kaɗawa.

A nan ne yankinmu yake da wata matsala tasa ta musamman. Inda duk ruwa ke kwance shekara zagaye, akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar hanta, kuma makiyayan Kura da Bunkure sun san ciwon hanta ciki da bai. Shi ma yana kawo kumburin ƙarƙashin haɓa. Saboda haka da an ga kumburi sai a ce hanta ce, a sayo maganin ɗuri. Amma bambancin ba mai wuyar gani ba ne. Mai ciwon hanta a hankali take ramewa, cikin idonta da dasashinta sukan yi fari don ƙarancin jini, sau da yawa tana ci gaba da cin abinci, kuma jijiyar wuyanta ba ta cika. Ga wani gwaji mai sauƙi: a danne jijiyar a tsakiyar wuya da yatsa. Ga dabbar da zuciyarta ke aiki daidai, ɓangaren da ke ƙasa da yatsa, wajen ƙirji, zai zuƙe ya ɓace. In ya ci gaba da zama cike, zuciya ce ta kasa. Haka kuma ciwon huhu mai yaɗuwa yana sa ware gwiwa da nishi, sai dai shi da tari yake zuwa, kuma yana bin garke ne. Cutar ƙarfe ɗaya take ɗauka ta bar saura. In ana zargin huhu, wajibi ne a sanar da ma'aikatan dabbobi, domin wannan ya shafi maƙwabta.

Gaskiya mai ɗaci ita ce, in cuta ta kai wannan mataki da wuya dabba ta tashi, ko da a manyan asibitocin duniya ne. Duk allurar da aka ƙara asarar kuɗi ce. Ta kuma jawo wata asarar, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, irin oksitetarasaikilin da aka fi sayarwa a kasuwanninmu, yana buƙatar a jira makonni uku zuwa huɗu, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba, kafin naman ya dace da ci. Wanda ya yi allura yau ya yanka jibi, magani ya ciyar da mutane. Wanda kuma ya lallaɓa ya kai dabbar kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayar ba tare da ya faɗi aibinta ba, ya dai miƙa asararsa ga wani talaka ne, kuma ba sai na tsaya faɗin hukuncin haka ba.

Ga wanda ya gane ta da wuri kuwa, hanyoyi a buɗe suke. Likita zai ɗura wa dabbar maganaɗisu na musamman, mai santsi, tsawonsa kamar santimita 7 ko 8, wanda zai faɗa cikin jakar nan ya janyo ƙarfen ya riƙe shi. Zai haɗa da maganin da ya dace na 'yan kwanaki, a ɗaure dabbar wuri ɗaya, gabanta a kan tudu. Da yawa sukan warke da haka. In kwana uku ko huɗu suka wuce ba sauƙi, sai a yi fiɗa ta kwiɓin hagu, dabbar tana tsaye an kashe mata zafin wurin, likita ya zura hannu ta tumbi ya zaro ƙarfen. Wannan aiki ne da ake koya wa kowane ɗalibi a Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da takwarorinta. In kuma an ga ba fata, sai a yanka tun naman yana da daraja. Babban bijimi a kasuwannin Kano ya kai naira miliyan ɗaya da ɗoriya a 2024. Bambancin yanka a mako na farko da yanka a mako na biyar yana iya zama kuɗin takin shekara guda.

Batun na'urori fa? Na'urar neman ƙarfe, irin wadda ake shafa wa mutane a ƙofar taro, tana yin ƙara a kan shanu da yawa masu lafiya, domin ba ta bambanta ƙarfen da ya huda da wanda ke kwance. Hoton eksire shi ne ke nuna ƙarfen kansa da inda ya fuskanta, amma ratsa jikin babbar saniya sai inji mai ƙarfi da ba za a kai shi ƙauye ba. Abin da nake ganin ya dace da mu shi ne na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Yanzu akwai ƙanana masu aiki da batir da za a iya ɗaurawa a bayan babur. Ba ta cika nuna wayar ba, amma tana nuna ko jakar nan tana matsewa yadda ya kamata, da ko akwai ƙurji a gefenta, da ko ruwa ya kewaye zuciya. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce mai raba gardama tsakanin a yi magani da a kira mahauci. Akwai ma gwajin jini mai sauƙi da sinadarin gulutaraldihaid, wanda in an gauraya shi da jinin dabba mai tsohon kumburi a jiki sai ya daskare cikin 'yan mintuna. Ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam da Madobi, in suka haɗa hannu, na'ura ɗaya da ma'aikaci ɗaya da aka horar ba za su gagare su ba.

Na san dalilin da ya sa ba a yi ba, kuma ba na ganin mugunta ce. Aikin kula da dabbobi a Nijeriya, tun daga kafa cibiyar Vom a 1924, an gina shi ne a kan yaƙi da annoba. Wanda ya ga ɓarnar da bushiya ta yi wa garkunan Arewa a 1983 ba zai raina wannan ba, kuma an ci nasara, domin a 2011 aka bayyana cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Amma cutar ƙarfe ba ta da allurar rigakafi, ba ta yaɗuwa, ba ta kashe garke a mako. Ɗaya take ɗauka a wannan gida, ɗaya a wancan, sai kowa ya ɗauka ƙaddararsa ce shi kaɗai. Abin da ba a ƙirga ba kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi. Masu ƙirgen suna nan, su ne mahauta. Babu Sarkin Fawan da bai taɓa zaro ƙusa daga tumbi ba, balle leda, wadda ita tata illar daban ce, cushe tumbi take yi dabba ta rame a hankali. Da za a ajiye littafi a kowace mahauta, a rubuta abin da aka samu da ranar da garin da dabbar ta fito, cikin shekara guda za mu san girman abin da muke magana a kai.

A nan ne nake ganin malaman kimiyyar noma da na ilimin halittu suna da rawar takawa. Darasin cikin dabbobi masu tuƙa yana cikin manhaja, amma galibi zane ne a allo. Malam ya tashi da asuba ya je mahauta, ya roƙi a yanko masa jakar nan mai saƙar zuma haɗe da tsokar da ta raba ciki da ƙirji da kuma zuciya, ya shimfiɗa a teburi, ya ba ɗalibi tsinke ya ce ya auna tazarar da kansa. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai manta ba. Sannan a nemo maganaɗisun tsohuwar lasifika, a ɗaura masa igiya, a ba kowane rukuni na ɗalibai su ja shi a cikin buhun dusa, da ƙasan komi, da masussuka, su kawo abin da ya kama a ƙirga a auna tsawonsa a rubuta. Irin wannan maganaɗisu, in aka ɗaura shi a bakin da dusa ke fita a injin niƙa, zai tare mafi yawan ƙarfen tun bai kai turke ba.

Sai gargaɗi biyu. Kada kowa ya ɗura wa saniya maganaɗisun lasifika. Yana da kaifi, yana farfashewa, yana kuma iya maƙalewa a maƙogwaro. Na ɗuri daban ne, ma'aikacin dabbobi ne ke ba da shi, ɗaya tak ya ishi dabba tsawon rayuwarta, kuma ya fi kyau a ba ta tun tana kimanin shekara guda. In an sayo sa ba a san ko an taɓa ba shi ba, sai a kara kamfas a bayan gwiwarsa ta hagu. In allurar ta karkata, akwai shi. Na biyu, maganaɗisu ba ya kama wayar tagulla ko ta alminiyam, don haka share turke yana nan a matsayinsa.

Dattijon nan na Madobi ya sayi ɗan maraƙi da abin da ya samu daga naman, amma sai an yi shekara biyu kafin ya isa ɗaukar karkiya. Daminar bana aron sa zai yi daga ƙaninsa ya haɗa da nasa guda. Komin tayar dai an fitar da shi, an kawo rabin ganga an lanƙwashe bakinta. Jikan nasa ya gaya mini cewa ranar da ya ja maganaɗisu a inda tsohon komin yake, ya tsinci irin wannan waya har guda bakwai.